Jaririn da Bai Yi Kashin Farko Ba

A Suame da unguwannin zango na Kumasi, idan jariri ya kwana biyu bai yi bayan gida ba, abin da kaka ke fara nema shi ne bentua, 'yar robar nan da ake matsa wa yaro ruwa ta dubura. Kashi ya fito, hankalin gida ya kwanta. Sai dai akwai yaran da wannan sauƙi ke rufe ciwon da aka haife su da shi, wato cutar Hirschsprung, wadda ke samun kusan jariri 1 cikin 5,000, kuma maza sun ninka mata wajen sau huɗu.

Tun ciki bai wuce wata uku ba, ƙwayoyin jijiya ke bin hanjin ɗan tayi daga sama zuwa ƙasa. Su ne ke sa hanji ya matse ya saki, ya tura abin da ke cikinsa gaba. A wasu yaran sukan tsaya ba su kai ƙarshen babban hanji ba. Makanikan Suame sun san irin wannan: inji lafiya lau, amma waya ba ta kai wuta inda ake bukata ba. Sashen da babu jijiya sai ya ƙanƙame, kashi ya taru a samansa, ciki ya kumbura tim, yaro ya ƙi nono, wani lokaci har da koren amai.

Likitan yara ɗan Denmak, Harald Hirschsprung, shi ya bayyana cutar a 1886. A 1948 Orvar Swenson ya nuna a Boston cewa tana warkewa da tiyata: a yanke sashen da ba ya aiki, a jawo lafiyayyen hanji a haɗa da dubura. Ana wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, wanda mutanen gari ke kira Gee, ba nisa da Suame. Kafin aikin sai an ɗebi ɗan naman dubura an duba ko jijiyoyin suna nan.

Abin takaici shi ne jinkiri. A Turai galibi ana gano cutar tun yaro na jinjiri, amma a asibitocin Afirka ta Yamma, har da na Zariya, ana kawo yara bayan watanni ko shekaru, sun rame, hanji ya buɗe ƙwarai. Irin waɗannan sau da yawa sai an fara fito musu da hanji ta gefen ciki, iyaye su yi watanni suna ɗawainiya kafin babban aikin. Bentua mai citta ko barkono kuwa tana iya ƙona hanjin da dama a wahale yake.

Lafiyayyen jariri yakan yi baƙin kashin farko cikin awa 48. Wanda ya wuce haka, ko wanda kumburin cikinsa ya zo da zazzaɓi da zawo mai wari, a kai shi asibiti a ranar, domin wannan kumburin hanji shi ne ya fi kashe masu cutar.