Idan Fankar Sanyi Ta Bayan Mota Ta Daina Aiki

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar baya ta bas a watan Afrilu, rana ta take, taga a rufe saboda ƙura, ya san amfanin iskar da ke hurowa daga rufin mota. Motoci masu tsawo irin su Toyota Hiace da Coaster, waɗanda aka sa wa na'urar sanyi, suna da fanka biyu: ɗaya a gaba wajen direba, ɗaya a baya don fasinja. Sau da yawa ta baya ce ke mutuwa, direba yana shan sanyi bai sani ba, sai ya ji tsofaffi da masu goyo sun fara ƙorafi. Direban da motarsa ta yi suna da zafi kuwa, shi ne na ƙarshen cika a tasha.

Kafin a taɓa komai, a fara sa hannu a ƙofar iskar. Idan iska tana fitowa amma ba sanyi, to fanka lafiya take, maganar gas ce, wannan kuma aikin mai gyaran na'urar sanyi ne. Idan ko kaɗan ba iska alhali ta gaba tana aiki, to batir ba shi da laifi, wuta ce ta tsaya a wani wuri a hanyarta ta zuwa baya. Wutar takan taso daga batir, ta bi ta fis da rile, ta isa injin fanka, makunni da rizista suna ƙayyade ƙarfinta, sannan ta koma ta jikin ƙarfen mota. Ko'ina ta yanke, fanka za ta tsaya cik.

Da fis ake farawa, don shi ne mafi araha. A yawancin motoci fankar baya tana da nata fis dabam, kuma akwai zane a murfin akwatin da ke nuna wurinsa. A zare shi a ɗaga wajen haske. In siririn ƙarfen da ke ciki ya tsinke, ya ƙone ke nan. Sai a sa sabo mai lamba ɗaya da tsohon. Launi yana taimakawa ga wanda karatunsa bai yi nisa ba: ja 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30.

A nan ne direbobi da yawa ke yin ganganci. Fis ya ƙone, an sa wani ya sake ƙonewa, sai a naɗa masa waya ko takardar gwangwani ta kwalin taba, a ce an yi maganinsa. Ba a yi ba. Fis mai gadi ne, yana ƙonewa ne don kada waya ta ƙone. In ya mutu sau biyu a jere, ko dai wata waya ta saɓule tana taɓa jikin mota, ko injin fanka ya cije yana jan wuta fiye da kima. Wayar fankar baya doguwa ce, tana bi ta ƙarƙashin shimfiɗa da cikin rufi inda akwai soso da roba. In ta yi zafi a can, ba wanda zai gani sai hayaƙi ya tashi, mota kuwa cike da mutane. Motar da ke ɗaukar hatsi ranar kasuwa ta fi shiga wannan hatsari, don ɓera yana bin ƙwaya, in ya shiga kuma ba ya barin waya.

Rile ba shi da wahala. In an kunna makunni akan ji ya yi ƙas. In shiru, a musanya shi da wani mai lamba iri ɗaya daga cikin akwatin a gani.

Akwai wata alama da ba ta ɓuya: fanka ta ƙi tashi a lamba ta ɗaya da ta biyu, amma in an kai makunni ƙarshe sai ta huro da ƙarfi. Wannan rizista ce ta ƙone, domin a lamba ta ƙarshe wuta ba ta bi ta cikinta. Rizista tana zaune ne a hanyar iska don ta riƙa hucewa, saboda haka in ƙurar hunturu ko sheƙar ɓera ta toshe hanyar, sabuwar ma ba za ta daɗe ba. A share tukuna. Sababbin motoci da dama suna da ƙaramin akwatin lantarki a madadinta, shi kuma in ya lalace fanka takan mutu gaba ɗaya ko ta ƙi tsayawa.

In duk waɗannan lafiya suke, sai a je ga injin fankar kansa. Ƙwan mota guda da aka ɗaura wa waya biyu ya isa gwaji. A cire soket ɗin injin, a murɗa makulli, a kai makunni ƙarshe, a sa wayoyin ƙwan a bakunan soket ɗin biyu. In ya kama da haske sosai, wuta tana zuwa tana komawa, zargi ya koma kan injin. In bai kama ba, a bar waya ɗaya a bakin da ke kawo wuta, ɗayar a taɓa ƙarfen mota inda ba fenti. Kamawarsa a nan na nufin hanyar komawa ce ta yanke, galibi tsatsa ce a gindin notin da ke riƙe wayar, wadda ɗan gogewa da sanfefa ke magancewa. Mai Coaster ta dizal ya lura, yawancinsu wutarsu bolt 24 ce, ƙwan bolt 12 nan take zai ƙone.

Injin da ke tashi in an ɗan bubbuga jikinsa, gawayin cikinsa ne ya cinye. Mai riwaya yana iya canza shi ba sai an sayi sabon inji ba. Kafin a sa hannu a juya fankar don a ji ko ta cije, a cire kan batir mai alamar debewa, don fanka mai wasa da tashi ba ta sallama. In kuwa dole sai an sayi na hannu a kasuwar kayan gyara, a tafi da tsohon a gwada girma da bakin soket, a kuma sa mai shago ya jona shi da batir ya juya a gaban mai saye kafin kuɗi su fita daga aljihu.