Kafin ka biya kuɗin kwamfuta a Circle, duba haƙoranta

A shirinmu na wannan makon mun taɓo tambayar da ke yawan zuwa daga Nima da Maamobi: yaro ya matsa a haɗa masa kwamfuta, ko kai kanka kana son wadda za ka riƙa rubuta lissafin kaya da na bashi. To, me za a saya? Abu biyu ne ke cinye kuɗin: furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, da katin hoto, wanda yara ke kira girafik.

In ka shiga Tip Toe Lane a Circle, abin da za ka fara ji shi ne, "i7 ce, Alhaji!" Kar sunan ya ruɗe ka. Kai da ke sayen shanu a Tulaku, ai baki kake buɗewa ka ga haƙora. Haƙoran furosesa su ne lambobin da ke bin sunan. i7-3770 ya fara da 3, zubi na uku ke nan, na 2012. i5-8500 kuwa zubi na takwas ne, na 2018, kuma ya fi wancan ƙarfi duk da sunansa bai kai ba. In lambobin biyar ne, kamar 12400, biyun farko za ka karanta.

Shekarun nan ba abin wasa ba ne. Microsoft ta daina kula da tsaron Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma a ƙa'ida Windows 11 ba ta hawa Intel da bai kai zubi na takwas ba. Na'urar da za ka shiga asusun banki da ita fa ake magana.

Katin hoto kuwa, gaskiya yawancinmu ba ma bukatarsa. Lissafi, wasiƙa, kallon bidiyo, duk furosesa na iya ɗauka shi kaɗai. Amma ka kula: Intel mai harafin F a ƙarshe, kamar 12400F, ba ya fitar da hoto sai da kati. A ɓangaren AMD, Ryzen 5 5600G na fitarwa, 5600 marar G ba ya yi.

Sai in yaron zai riƙa tace bidiyon biki da suna ana biyansa, nan kati zai mayar da kuɗinsa. In wasan gem ne, to, wannan tsakaninku ne. Kati irin RTX 3060 na jan wat 170 shi kaɗai; yana son akwatin wuta mai kyau, mitarka ta ECG ma za ta shaida. In na hannu ne, a kunna shi a gabanka rabin awa da aiki mai nauyi, ka saurari fankarsa, don wasu an yi shekaru ana haƙar kuɗin kirifto da su dare da rana.

Mai ƙetarawa da ita ta Aflao ko Paga, ka karɓi rasit mai lambar kowane ɓangare, kuma a cire katin a naɗe shi daban, kar gargadar hanya ta karya mazauninsa.