Shaƙuwar Bahaushe da Finafinan Indiya da Batun Kalmomin Tarayya

Duk wanda ya bi hanyar Panshekara da yamma, lokacin da ma'aikatan masana'antun Challawa da Sharaɗa suke komawa gidajensu a Zawaciki da kewaye, da wuya ya rasa jin waƙar Indiya tana tashi daga wayar wani ko daga shagon caji. Da yake akwai Indiyawa cikin masu mallaka da masu gudanar da waɗannan masana'antu, har da na Bompai, ɗalibi zai iya zaton ta hannunsu wannan shaƙuwa ta shigo. Ba haka ba ne. Kwarori masu gidajen sinima ne suka kawo finafinan. An buɗe sinimar Rex a Kano a 1937, sannan Palace a cikin birni a 1952, kuma daga wajen 1960 finafinan Indiya suka fara jan jama'a fiye da na kaboyi. Daga baya gidajen talabijin na NTA da CTV suka shigar da su har cikin ɗakunan matan aure, waɗanda al'ada ba ta bari su je sinima ba.

Abin lura shi ne, an kwashe shekaru fiye da arba'in ana kallon nan ba tare da fassara ba. To, me Bahaushe yake fahimta? Masana irin su Brian Larkin da Abdalla Uba Adamu sun danganta lamarin da kamancin al'adu, wato auren dole da biyayyar iyaye da kunya tsakanin saurayi da budurwa da suturar da ke rufe jiki. Talaucin manomi da zaluncin mai ba da bashi da aka nuna a fim ɗin Mother India na 1957 ba su buƙatar tafinta. Shaƙuwar ta kai har aka raɗa wa 'yan wasa laƙabi: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Makaɗa irin su Abdu Yaron Goge sun ɗora baitocin Hausa a kan karin waƙoƙin Indiya, haka ma wasu masu bege da bandiri a Kano, kafin finafinan Hausa, waɗanda suka faro da Turmin Danya a 1990, su rungumi rawa da waƙa baki ɗaya.

Sai dai akwai wani dalili na harshe da ba a cika kula da shi ba, kuma shi ya fi shafar malamin Hausa. Harshen waɗannan finafinai, musamman na waƙoƙinsu, yana jingina ƙwarai da Urdu, wanda ke cike da kalmomin Larabci da suka shige shi ta hanyar Farisanci. Ita ma Hausa ta yi aro daga Larabci ta hanyar addini da fatauci. Ke nan mai kallo a sinimar Plaza ko Marhaba yakan tsinci duniya da zamana da dua da niyat da qabr, ya ji su kusa da duniya da zamani da addu'a da niyya da kabari. Waɗannan 'yan kalmomi su ne tsanin da ya taka ya hau ma'anar jimla.

A nan ne ɗalibai sukan yi kuskure, su ce Hausa ta aro daga Indiyanci, ko ma harsunan 'yan uwan juna ne. Hausa tana cikin dangin Cadi na rukunin Afro-Asiya, shi kuwa Indiyanci ɗan rukunin Indo-Turai ne. Rijiya ɗaya kawai suka ɗebo ruwa, kowa da gugansa. Hujjar tana cikin ƙirar kalmomin. Hausa ta aro wasunsu tare da harafin "al-" na Larabci, ya narke a cikinsu: al-khabar ya zama labari, al-kitab ya zama littafi, al-waqt ya zama lokaci. Indiyanci kuwa yana da khabar da kitab da waqt ba tare da wannan harafi ba. Da daga Indiya Hausa ta aro, ba ta da inda za ta samo "l" ɗin nan ta farko. Ma'ana ma takan saɓa. Kalmar jawab a Indiyanci amsa take nufi, alhali jawabi a Hausar yau ya fi karkata ga maganar da ake gabatarwa a gaban taro.

Daga shekarun 2010, kamfanoni irin su Algaita suka shiga ɗora muryar Hausa a kan finafinan, abin da ake kira Indiya-Hausa, har da na Kudancin Indiya waɗanda asalinsu da Telugu ko Tamil aka yi su. Saboda haka ɗalibin da malami zai tarar a aji yau ya fi iyayensa fahimtar labarin, amma bai kai su jin Indiyanci ba, in ban da a waƙoƙi, domin su galibi a harshensu ake barin su.