Italiya: kishin gari ko kishin ƙasa a filin ƙwallo?

A Italiya, kishin gari yakan riga kishin ƙasa shiga zuciyar mai son ƙwallo. Sai a 1861 ƙasar ta dunƙule, bayan ɗaruruwan shekaru da yankunanta ke rarrabe, kuma har yau akwai ƴar tsama tsakanin arewa mai masana'antu da kudu mai ƙarancin arziki.

Hakan ya fito fili a gasar cin kofin duniya ta 1990. Italiya ta kara da Ajantina a wasan kusa da na ƙarshe a Napoli, garin da Diego Maradona ya ciyo wa kofin Serie A a 1987 da 1990. Kafin wasa, ya tunatar da mutanen garin irin rainin da sauran ƴan ƙasar ke musu. Ajantina ta yi nasara a bugun fenariti, sai ƴan kallo suka huce haushinsu a wasan ƙarshe a Roma, inda suka yi wa taken Ajantina ihu.

Abokin hamayya na waje ne ke haɗa kansu, musamman Faransa. Ta doke Italiya da ci 2-1 a wasan ƙarshe na kofin Turai na 2000. Italiya ta rama a Berlin a 2006, daren da aka ba Zinedine Zidane jan kati saboda tunkuyin Marco Materazzi a ƙirji.

Kofin duniya na huɗu ke nan ga Italiya. Amma ta kasa zuwa gasar 2018 da ta 2022, abin da ya bar yara da dama suna tasowa ba su san daɗin wannan haɗin kai a gasar duniya ba.