Layin Dogo ne ke Zaɓar Tarago

A Turai da Amurka za ka tarar da dattijo mai furfura ya ware ɗaki guda, ya shimfiɗa ɗan ƙaramin layin dogo a kan tebur, da tashoshi da gadoji, jirgi na kewayawa da lantarki. Sha'awa ce mai cin kuɗi, kuma sabon shiga ya fi tafka asara wajen sayen taragai, domin kyan fenti yake bi.

Ma'auni ake fara dubawa. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne HO, inda aka rage girman jirgin gaske sau 87. A ma'aunin N an rage shi sau 160. Mutanen Ingila kuwa OO suka riƙe, sau 76, alhali faɗin layinsu ɗaya da na HO, milimita 16.5. Taragonsu zai hau layin lafiya lau, amma cikin ayari sai ya fi 'yan uwansa ƙiba. Na kamfanin Märklin na Jamus ma sai an yi hattara: a HO ba a raba lantarki tsakanin ƙafafunsu ba, idan aka ɗora su kan layin da wuta ke bin ƙarafa biyu kaɗai, nan take wutar ta haɗu, komai ya tsaya cak.

Inda aka fi kuka shi ne kwana. Taragon fasinja na Amurka mai ƙafa 85, a HO ya kusa santimita 30, na kaya mai ƙafa 40 kuwa santimita 14 ne kacal. Kwanar da akan sayar wa masu farawa, mai inci 18 daga tsakiya, matsattsiya ce. Gajeren tarago zai sha ta salin alin. Dogon sai cikinsa ya leƙo waje, maƙalarsa ta karkace, ya janyo na bayansa su goce tare. A ganina mai ƙaramin tebur ya haƙura da jirgin fasinja na zamani, ya tara gajerun taragan kaya, ayarin ma ya fi cika ido.

Nauyi ma da ƙa'idarsa. Ƙungiyar masu wannan sha'awa ta NMRA, da aka kafa a Amurka a 1935, ta ba da shawarar oza ɗaya ga taragon HO, a ƙara rabin oza kan kowane inci na tsawonsa. Sakayau a tsakiyar masu nauyi shi ke fara faɗuwa.

Saura zamani. Ba a haɗa taragon kwantena da kan jirgi mai cin kwal, masana za su yi dariya. Wanda kuma ke son kwaikwayon jirgin da ya yi jigilar gyaɗa daga Kano, sai ya tuna layin da ya iso birnin a 1911 siriri ne, milimita 1,067. A ma'aunin HO, layi mai milimita 12 zai nema, da taragan da ƙafafunsu suka dace da shi.