Ko ka sani? Ƙyauren zuciya da ake sakawa ta cinya

Ko ka san yanzu ana sa wa mutum sabon ƙyauren zuciya ba tare da an tsaga ƙirjinsa ba? Likita zai huda babbar jijiyar jini a gindin cinya, ya zura siririn bututu har zuciya. A bakin bututun akwai ƙyaure a naɗe cikin ragar ƙarfe, wanda aka ɗinka da tantanin zuciyar saniya ko na alade (mai tambayar hukuncin na biyun sai ya nufi malamai). Farfesa Alain Cribier ne ya fara yi wa ɗan Adam wannan aiki, mai suna TAVI, a birnin Rouen na Faransa, ranar 16 ga Afrilu 2002.

Sai dai ba a cire tsohon ƙyauren da ya ƙandare. Sabon ne ke buɗewa a cikinsa, ya banke shi gefe. Nan gizo ke saƙar, domin daf da wurin ne bakin jijiyoyi biyu da ke shayar da tsokar zuciyar kanta yake. Kamar ka banke ƙyauren zaure ne ya jingina da bango, ya rufe bakin rariya. Da zarar tsohon ƙyauren ya toshe bakin jijiya haka, bugun jini kan faɗi nan take, tun majiyyaci na kan gadon aiki, kuma jijiyar hagu ce ta fi toshewa.

Abin ba ya yawan faruwa, bai kai mutum 1 cikin 100 ba. Amma idan ya faru ba wasa: kusan 4 cikin 10 kan rasu cikin wata guda. Ya fi samun mata, da waɗanda ake sa wa sabo a cikin wani ƙyauren da aka taɓa dasa musu. Shi ya sa ake ɗaukar hoton CT tukuna, a auna tazarar bakin jijiyar daga gindin ƙyauren. Idan ba ta kai milimita 12 ba, likitoci kan sha jinin jikinsu. Wani lokaci su riga su ajiye waya da ƙaramar raga a jijiyar, ko su tsaga tsohon ƙyauren da waya mai lantarki domin jini ya sami hanya, dabarar da aka fito da ita a Amurka ake kira BASILICA.

A ganina, mutumin Sanyinna ko Kebbe a jihar Sakkwato bai kamata wannan ya hana shi barci ba. TAVI aikin tsofaffi ne galibi. Abin da ya fi lalata ƙyauren zuciya a ƙasarmu shi ne ciwon maƙogwaron yara da ba a yi wa magani ba. Shekaru bayan an manta da shi, sai ka ga matashiya tana haki da kumburin ƙafa, an nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da ita. Maganin wancan ciwon maƙogwaro kuwa fenisilin ne, in ma'aikacin lafiya ya duba ya rubuta.