Tsilar Kare Da Ciwon Ƙoda: Gargaɗi Ga Mutanen Tambuwal Da Kebbe

Ƙasar Tambuwal da ta Kebbe, can kudancin Sakkwato, ƙasa ce ta noma da kiwo, inda makiyayi da maharbi da mai gona kowa ke ajiye kare don tsaro. Saboda haka muka ga ya wajaba mu faɗakar da jama'a game da wata cuta da ke tsakanin kare da dabbobi da mutum, wadda ta kan kai har ga ƙoda.

Asalinta wata 'yar tsila ce wadda tsawonta bai fi milimita 6 ba, tana zaune cikin hanjin kare. Ƙwayayenta su kan fito cikin kashinsa su watsu a ciyawa da ruwa, tumaki da awaki da shanu da raƙuma su haɗiye, sai jaka mai ruwa ta tsiro musu a hanta ko huhu. In aka yanka dabbar, mahauci ya jefa wa kare wannan ɓataccen wuri, to, tsila ta koma gidanta. Binciken likitocin dabbobi a mayankar Sakkwato da ta Kano ya nuna raƙuma sun fi sauran dabbobi ɗaukar jakar.

A lura, ba ta cin nama mutum ke kamuwa ba. Hannun da ya shafi kare aka kai shi baki, da ganye ko ruwan da kashin kare ya taɓa, su ne hanyarta. Kimanin 70 cikin 100 na masu cutar a hanta ta ke kama su, na ƙoda kuwa 2 zuwa 4 ne. Jakar ta kan yi shekaru tana girma ba a sani ba, sa'an nan ciwon kwiɓi ya zo, ko kumburi, ko jini cikin fitsari, har a zaci tsargiya ce ko tsakuwar ƙoda. Wani kuwa ya kan fitsarar da 'yan abubuwa kamar fatar inabi, wannan kam alama ce bayyananna.

Likita ya kan gano ta da na'urar hoton ciki, ya ƙara da awon jini. In ƙarama ce a kan ba da ƙwayar albendazole har wata 3 ko fiye. In ta girma sai fiɗa, a cire jakar a bar ƙoda. In kuwa an makara har ta cinye ƙodar, dole a cire ta ɗungum. Irin wannan aiki sai babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Muna roƙo kada a kai kumburin ciki ga wanzami ya tsaga, gama in jakar ta fashe ruwanta na iya kashe mutum nan take, ko ya shuka waɗansu jakunkuna cikin ciki.

Rigakafi dai ya fi magani. A ƙasar Aisilan, arewacin Turai, cutar ta addabi mutane ƙwarai, sai a 1864 aka rarraba wa gidaje wani ɗan littafi da Likita Harald Krabbe ya rubuta, aka hana ba karnuka kayan ciki, yau ga shi ta kau. Mu ma ba abin da zai hana mu. Sarakunan fawa su sa a binne ko a ƙone duk hanta da huhun da aka ga jakar ruwa a ciki, balle ran Sallar Layya da a ke yanka gida-gida. A riƙa kai karnuka ga malamin dabbobi ya ba su maganin tsila. Malaman makaranta kuwa, ku ne kan gaba: ku koya wa yara wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, su kuma su kai wa iyayensu labari. Allah ya ba mu lafiya, amin.